Hular da Na Kama Kujera da Ita

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so: an tashe ni daga kujera a jirgin ƙasan Madina, a gaban surukina, jama'a na kallo.

Na daɗe a Makka ina aikin gini. Na kwana a ƙarƙashin gada, na yi dakon ruwa a ranar Arfa, jikina bai taɓa rawa ba. Amma da matata ta kira daga gida ta ce Baba, mahaifinta, zai zo Umara, gabana ya faɗi. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni, bai taɓa wuce Katsina ba. Abu ɗaya ta roƙa: kada in saki hannunsa.

Ni ba na karatu. Maƙwabcina a unguwar Zahir, wani ɗalibin ilimi, shi ya yankar mana tikitin jirgin Madina a waya bayan Baba ya gama Umara. Ya tambaya ko ya zaɓa mana kujeru kusa da juna, tunda jirgin ya kusa cika. Na ce ya bar wannan, kama wuri aikina ne. (Wanda ya yi kwandasta a tashar Funtuwa za a koya wa kama kujera?) Zai yi bayani, na ce sauri nake.

Ranar tafiya tasi ya sauke mu a tasha. Ana buɗe ƙofar jirgi na ja Baba muka faɗa taragon da na fara gani. Na zaunar da shi ta taga, na ɗora hulata a kujerar kusa, darduma a wata, ledar dabino a wata, don kada a matse shi. Baba ya ce lallai 'yarsa ta auri namiji.

Can sai ga wani Balarabe da iyalinsa, yana duba waya yana duba hulata. Ya yi magana a hankali. Na ce masa, da Larabcin wurin aiki, an riga shi, ya yi gaba. Bai yi gaba ba. Sai ya kira ma'aikacin jirgi. Ina ganin kaki gumi ya karyo mini. Iƙamata, takardar zamana, lafiya take, amma wanda ya taɓa gudun 'yan sanda ba ya warkewa.

Ma'aikacin ya karɓi wayata ya duba. Ashe kowane tikiti da lambar kujerarsa. Ta Baba tana tarago na gaba, tawa can ƙarshen jirgi. Ya ɗauki hulata da yatsa biyu ya miƙo mini.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce akwai wurin da ya fi nan kyau, Baba."

"To me ya sa yaran nan ke dariya?"

Na fizgi ledar, ta fashe, dabino ya watse. Ina durƙushe ina tsinta tsakanin ƙafafun mutane jirgi ya tashi.

Na kai Baba kujerarsa cikin baƙi, na saki hannunsa. Na roƙi na kusa da shi mu yi musanya, ya ce da mahaifiyarsa yake tafe. Tawa kujerar kuwa ko ɗumi ba ta yi ba. In ya tashi neman banɗaki fa? In ya sauka a Jidda yana zaton Madina ce, me zan ce wa matata? Haka na yi ta ratsa taragu ina leƙa shi, ina taka ƙafafu, ina ba da haƙuri, har mutane suka daina amsawa.

A leƙen ƙarshe na same shi da kofin shayi, an lulluɓe masa gwiwa da mayafi. Bai ko juyo ba.

"Ɗana, je ka zauna. Hakinka nake ji tun daga ƙofa. Kai nake tsoron kada ka ɓata."

Mun isa lafiya, ya yi ziyararsa. Na roƙe shi kada ya faɗa wa 'yarsa, kuma ya cika alkawari: ita kaɗai ce bai faɗa wa ba a garin.

Abin da na koya, ƙarfin kafaɗa ba ya aiki inda aka rubuta lamba. Ina nan Zahir ina ɗora bulo. A gida, na ji, Mai Kujera suke kirana.