Farfesan Ƙafar Hagu

Daga bakin babban tafkin ƙasarmu har iyakar Kenya, babu mahaluƙin da ya san dokokin gudu a wasan besbol na yara kamar Mista Fenekansi Mukiibi. Wannan magana babu ja a cikinta, domin daga bakinsa muka ji ta, kuma ya maimaita ta a coci, a kasuwa, da wurin jana'iza guda biyu. Shi kansa ba a taɓa ganin ya yi gudu ba. Ko shagon tsallaken titi zai je sai ya kira ɗan acaɓa.

Iliminsa ya samo asali ne daga wata bita ta kwana uku da wasu baƙi daga Japan suka shirya a Kampala. Kwana ɗaya da rabi ya halarta, saboda ranar farko da rabin ta biyu ya ɓata a hanya. Duk da haka ya dawo garinmu Nakabululu da takardar shaida, da hula mai baki, da usur. Ba a busa usur a wasan besbol, amma wannan laifin wasan ne, ba nasa ba. Tun daga ranar aka daina kiransa tsohon akawun gunduma, aka koma kiransa Farfesa. Da zolaya aka fara. Shi kuwa ya sa tela ya ɗinka masa sunan a bayan riga.

Mu jahilai mun ɗauka abin mai sauƙi ne. Yaro ya bugi ƙwallo da sanda, ya zura da gudu, ya taka tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya dawo gida kafin a taɓa shi da ƙwallon, a ba ƙungiyarsa maki ɗaya. Haka Koci Oryem, malamin motsa jiki na makarantarmu, ya koya wa yara shekara huɗu, da buhunan yashi a matsayin tashoshi. Yaran suna ta cin wasa cikin duhun kai, ba su san ba su iya ba.

Allah ya tarfa wa garinmu nono, aka zaɓi Farfesa shugaban kwamitin iyaye. A zamansa na farko ya naɗa kansa mai horarwa na tasha ta uku, wato mutumin da ke tsayawa a gefen tashar yana yi wa mai gudu alama ya tsaya ko ya wuce. Kwamitin ya amince ba tare da hamayya ba, don sauran membobin sun fita shan shayi.

Atisayen gudu na farko a ƙarƙashinsa an yi shi ne a zaune, a gindin mangwaro, awa biyu cur.

"Yara, ku buɗe kunnuwanku," in ji shi. "Gudu ba aikin ƙafa ba ne, aikin ƙwaƙwalwa ne. Akuya ma tana gudu. Kun taɓa jin an ba akuya maki? Doka ta ce ba ka ɗaga ƙafa daga tasha sai ƙwallon ta iso wurin mai bugu. Doka ta ce ba ka faɗa wa tasha da kai, sai da ƙafa. Doka ta ce ba ka wuce ɗan'uwanka da ke gabanka, ko da tafiyar kunkuru yake yi. Wanda ya gane ya ɗaga hannu."

Waɗanda ba su yi barci ba suka ɗaga.

A yi masa adalci, duk waɗannan dokoki na gaskiya ne. Matsalar ita ce dokokin littafi sun yi wa mutum irinsa kaɗan, sai ya ƙara nasa. Ya ƙirƙiro alamun hannu goma sha bakwai. Taɓa hanci na nufin a tsaya, shafa tumbi na nufin a wuce. Wata rana kuda ya dame shi, yara uku suka ruga gida a tare.

Amma babbar gudummawarsa ga ilimin duniya ita ce Dokar Ƙafar Hagu. A wurin bitar nan ya ga hoton wani ɗan wasa yana taka tasha da ƙafar hagu. Daga wannan hoto guda ya gano abin da ya ɓoyu ga masana: tashar da aka taka da dama ba a taka ta ba.

Koci Oryem ya same shi a gefe, cikin ladabi, yana kiransa ssebo, wato ranka ya daɗe.

"Ssebo, littafin bai ce hagu ko dama ba. Cewa ya yi a taka kawai."

"Oryem, ɗana, kai littafi ka karanta. Ni Kampala na je."

Daga nan yaran Nakabululu suka zama abin kallo a gundumar. Za ka ga yaro ya taho a guje kamar iska, sai dab da tasha ya yi ɗan tsalle ya sauya ƙafa, kamar mai rawar biki. Amma da yake Koci Oryem yana tara su da asuba kafin Farfesa ya tashi daga barci, sun ci gaba da cin wasa. Farfesa ya karɓi yabon duka ba tare da girman kai ba.

Haka aka kai wasan ƙarshe na gunduma, tsakaninmu da yaran Buwoola. Ƙungiyar da ta ci ita za ta hau bas zuwa Kampala gasar ƙasa. A cikin yaranmu babu wanda abin ya dama kamar Namazzi, 'yar mai suyar gurasar nan da ake kira capati a mahaɗar titi. Ita ce ta fi kowa gudu, maza da mata. Shekararta goma sha biyu, baɗi ta wuce shekarun gasar, kuma a rayuwarta ba ta taɓa wuce garin Mukono da ke kan hanyar Kampala ba. Mahaifiyarta har ta wanke mata jakar tafiya ta shanya.

Ranar Asabar filin ya cika. 'Yan acaɓa sun jera babura, masu rake sun baje haja. Alkaliyar wasa Madam Nandutu ce, wata gajeriyar malamar lissafi daga wata makaranta, wadda ba ta ɓarnar kalmomi. Farfesa ya tarbe ta da karamci, yana kiranta nyabo, wato ranki ya daɗe.

"Nyabo, idan wata doka ta shige miki duhu, kada ki ji kunya. Ina nan a tasha ta uku."

"Na gode, ssebo," ta ce.

A zagayen ƙarshe Buwoola na da biyar, mu muna da huɗu. An riga an fitar mana da mutum biyu, in aka fitar da na uku wasa ya ƙare. Babu kowa a kan tashoshi. Namazzi ta ɗauki sanda. Idan ta zagayo gida an yi kunnen doki, a ci gaba da fafatawa.

Jifa ta farko ta wuce ta. A ta biyu kuwa sandarta ta sami ƙwallon daidai. Ƙwallon ta tashi, ta haye kan kowa, ta faɗa gonar rogon wata mata mai suna Nalongo da ke bayan fili. Filinmu ba shi da shinge, kuma al'adarmu, wadda kowace ƙungiya ta sani, ita ce ƙwallon da ta shiga rogo tana nan da ranta har sai an nemo ta. Yaran Buwoola uku suka afka gonar. Nalongo ta fito daga kicin da muciya a hannu.

"Kai, 'ya'yan nan! Ku karya mini rogo ɗaya ku gani! Uwayenku ne suka shuka?"

Namazzi ta wuce tasha ta ɗaya. Ta wuce ta biyu. Filin ya kaure da ihu, mahaifiyarta ta yar da zanin kafaɗa tana tsalle. Yarinyar ta iso tasha ta uku ba ta ko kalli alamun Farfesa ba, wanda a lokacin yake shafa tumbi da hannu ɗaya yana taɓa hanci da ɗayan. Ta taka buhun ta miƙe gida.

Da ƙafar dama ta taka.

A nan ne mutanen Nakabululu suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Farfesa ya yi gudu. Taku huɗu ne, amma gudu ne. Ya cafko ta a kafaɗa, ya jawo ta baya, ya sunkuya ya kama ƙafarta ta hagu ya ɗora a kan buhun, sannan ya tura ta da hannu biyu.

"Yanzu kin taka! Tafi!"

Ta tafi. Ta isa gida babu mai ko kallonta daga cikin abokan hamayya. Madam Nandutu ta ɗaga dunƙulallen hannu.

"Ta fita. Wasa ya ƙare."

Farfesa ya taho yana haki, yana busa usur.

"Wa ya fitar da ita? Ƙwallon ma ba a gan ta ba!"

"Kai, ssebo."

"Ni?"

"Mai horarwa ba ya sa hannu ya taimaki mai gudu. Ka riƙe ta, ka mayar da ita, ka tura ta. Ko ɗaya daga ciki ya isa."

"Nyabo, kin san da wa kike magana? A wane littafi aka rubuta wannan?"

Ta zaro littafin daga aljihu, ta buɗe, ta miƙa masa. Ya ce bai zo da tabarau ba. Tabarau ɗin na rataye a wuyansa.

Daga kan babura wani ya ɗaga murya. "Farfesa! Ita fitar da wace ƙafa ake yin ta, hagu ko dama?"

"Ku bar shi," in ji wani. "Yau fa Buwoola ta samu ɗan wasan da ya fi kowa. Ku saka shi a bas ɗin!"

Namazzi ba ta yi kuka ba. Ta cire hular kwano ta miƙa wa Koci Oryem.

"Koci, ai na taka tun farko, ko?"

"Kin taka, 'yata."

Ta gyaɗa kai, ta bi bayan mahaifiyarta zuwa mahaɗar titi, inda kaskon capati ke jira.

Farfesa bai bar filin haka ba. Ya hau kan benci ya yi wa ragowar jama'a jawabi.

"Jama'ar Nakabululu, ku ɗaga kawunanku. An ci mu, amma ba a ci mu cikin jahilci ba. Tarihi zai shaida cewa yarinyar nan ta bar tasha ta uku bisa ƙa'ida. Zan rubuta ƙorafi zuwa Kampala. In Kampala ta yi shiru, zan rubuta Japan. Akwai waɗanda suka san ni a can."

Masu rake suka tafa masa, suna naɗe buhunansu.

Yaran Buwoola sun hau bas ranar Juma'ar da ta biyo. Ƙwallon kuwa sai ranar Talata Nalongo ta tsince ta, tana cire ciyawa.