Sin Ɗari Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da Kawu Isiyaku ya kai ni gwajin shiga makarantar zamani a nan Makka, tun ana kawo mana ruwa unguwar Jarwal a gwangwani. Na sauke Alƙur'ani, hannuna ya faɗa da ajami, na kuma iya hisabi irin na malaman gida, inda kowane harafi ke da adadinsa. Babban aji muke nema, don gemu ya fara tsiro mini. Wanda ya faɗi, ajin yara za a kai shi.

Tun daga ƙofa Kawu ya ce wa malamin, wani Bamisire mai jar dara, "Ya Ustaz, wannan ɗan nawa lissafi a jininsa yake." (Ni kuwa na sunkuyar da kai, irin tawali'un da ake yi don a gani.)

Ustaz ya rubuta a allo da haruffan Larabci: dal na sin shi ne sin sau biyu, a ƙara biyar. Ya ce, "Tayyib. Sa sin da ɗaya a wurin sin, ka gaya mini abin da ya fito."

Har na ji tausayinsa. Wa bai san sin ba? Na yi bismilla, na ɗauki alli na rubuta, na ce, "Sin ɗari uku ne. Da ɗaya, a ninka, a ƙara biyar, ɗari shida da bakwai." Na kaɗe alli daga hannuna. Kawu ya ce masha Allah, yana duban mutane.

Ɗaliban ajin suka juyo suna kallona. Da na yi shiru a nan da sauƙi. Sai wani ɗalibi ya ce a hisabinsu na gabas sin sittin ne, ni kuma na juya na hau musu da shi, har da kawo sunan malamina na Sakkwato.

Ustaz ya bari muka gaji, sannan ya tambayi Kawu sana'arsa. Kawu ya ce saukar alhazai.

"Ɗakin da kake ba su, na mutum ɗaya ne har abada?"

"A'a, duk wanda ya zo."

"To haka sin yake, ya waladi, ɗana. Ɗaki ne. Yau baƙonka sin da ɗaya ne, ka shigar da su tare cikin baka biyu, ka ninka su dukansu." Ya rubuta: sin sau biyu, a ƙara bakwai. "Kai ka ba alhaji ɗaya ɗakin, ka jefar da mabuɗin."

Ajin yara aka kai ni, gwiwoyina ba sa ko shiga ƙarƙashin tebur. Da muka kai ƙofar gida sai Kawu ya ce: "Shiga, Ɗari Uku." Har yau sunan bai sake ni ba.

Alhamdu lillahi, na koyi darasi. Yanzu in tambaya ta zo mini da sauƙi har na fara tausayin mai yin ta, nakan tsaya in nemi tsari.