Ranar da Na Koya wa Kwamfuta Toka

Ina tankaɗen gari na ji ɗan tsaki daga ɗaki. Ɗiyata Nana ce, tana haɗa shafin intanet na gasar makarantu. Wai a kwamfuta kowane launi da sunansa, amma wanda ake kira toka-toka mai duhu ya fi toka-toka zalla haske.

Ni da ke zaɓar wa mutane anko daga Mafara har Bakura, ni za a gaya wa launi? Na kakkaɓe hannu na ce, "Yi rubutun da mai duhun, bangon shafin da zallan."

"Inna, malam fa ya ce..."

"Malam ya taɓa kwashe toka a murhu?"

Ta yi yadda na ce. Da ta ce rubutun ya dushe, na ce hasken taga ne.

Ranar gasa na yafa sabon mayafi, na zauna layin gaba. Aka haska shafin a bango, alƙalai suka yi ta kanne ido suna laluben rubutu. Malamin ya yi bayani cikin ladabi: tun asali jerin sunayen launi biyu aka haɗe, wasu ma daga gwangwanin fenti aka kwafo, ba a gyara ba. Sannan ya tambayi Nana wa ya ba ta shawara. Nana, 'yar albarka, ta so ta rufa min asiri. Idonta ne ya tona ni. Kyauta ta tafi makarantar Maradun.

Har yau in na ɗaga atamfa ina yabon launinta, sai ta ce, "Inna, bari mu fara haska ta a bango."