Salak ɗin da Na Kai Argungu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki salak daga Birnin Kebbi na kai Argungu ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ina amarya wata huɗu da aure, ina koyar da darasin girki a wata makarantar 'yan mata. Ku riƙe wannan da kyau, girki nake koyarwa.

Yayar mijina, Yaya Hajo, ita ce ta ja min. Tun ranar da aka kai ni take yawo da maganar cewa ƙaninta ya auro 'yar boko, wai irinmu a allo kawai muka iya girki. Duk wanda ya zo daga Argungu sai ya kawo min wani sabon abin da ta ce. Da aka aiko cewa za a yi sunan jikarta, na yi rantsuwa a zuciyata sai na rufe mata baki a gaban matan gidansu kaf.

Na zaɓi salak irin na Turawa, don na san ba ta taɓa ganin irinsa ba. Su abin da suka sani shi ne datu, a cakuɗa ganye da dakakken ƙuli-ƙuli a ci. Da sassafe na sayo salak ɗanye shar daga fadama, da tumatir da karas da albasa, na dafa ƙwai. Na jera su a babbar langa layi-layi kamar za a ɗauki hoto. Sannan na haɗa ruwan da ake zubawa: man gyaɗa cokali uku, ruwan lemun tsami cokali ɗaya, gishiri, masoro, sukari kaɗan, na ninka har ya cika kwalba, na girgiza ya yi kauri.

To, murfin kwalbar yana yoyo, ni kuma sabuwar atamfa na ɗaura. Sai na tsaya ina auna wanne ya fi, atamfa ko ilimi. Na zaɓi atamfa. Na juye ruwan nan duka a kan salak ɗin, na rufe langa, na ɗaure da ɗankwali (ni ɗin nan da nake buga tebur a aji ina ce wa yara kada a zuba sai za a ci).

A tasha direba ya karɓe langar ya cusa ta a bayan mota, tsakanin buhun albasa da taya. Na ce masa abinci ne, ya ce min albasa ma abinci ce. Muka zauna jiran mota ta cika har rana ta take, ina ta yi masa masifa yana ta sakace haƙori. Ba mu shiga Argungu ba sai bayan azahar.

Da na yi shiru na miƙa langar a madafa, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na bari tsakar gida ta cika da mata, ana ta raba tuwon shinkafa da miyar kifi, sannan na ajiye ta a tsakiyar tabarma, daidai gaban Yaya Hajo. Har da 'yar lacca na yi, na ce wannan abinci ne na lafiya, ba a dafa shi, a makaranta ake koyonsa. Sannan na kwance ɗankwalin na ɗaga murfi.

Abin da na cika langa da shi ya koma rabi. Ganyen ya yi baƙi ya kwanta, ya saki ruwa, tumatir ya narke, ƙwai yana yawo a saman mai. Wani tsami ya taso har matar da ke kusa ta ja da baya da jaririnta.

Yaya Hajo ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Malama, wanga shi na abin da kunka koyo? Ai ko mu da ba mu yi boko ba mun san ba a sa ma salak gishiri sai za a ci."

Wannan ita ce ta kashe ni. Dokata ce, tawa ta aji, ta fito daga bakin matar da na zo in koya wa. Na fara ɗora laifin a kan direba, na koma kan rana, na koma kan masu yin murfin kwalba. Mata kuwa sai danne dariya suke a bayan mayafi.

Surukata Inna ce ta miƙa hannu ta ja langar. Ta ce, "Ku bar min ɗiyata, ta sha hanya." Ta tsiyaye ruwan, ta matse ganyen da hannunta, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono ta zuba, ta cakuɗa. Ya koma datu. Aka cinye shi tas, ana ta cewa hannun Inna akwai albarka, ni kuma ina gefe ina murmushin dole. Da na duba jikina, sai ga mai ya zuba a gaban atamfar tun lokacin da na rungumo langar daga mota.

Da na ba mijina labari ya yi dariya har da riƙe ciki, na yi kwana biyu ban yi masa magana ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka je rufe wa wani baki, ka fara leƙa langarka a soro kafin ka shiga. Yanzu ni da Yaya Hajo duk mun yi jikoki, amma ko ruwan sha na miƙa mata sai ta dube ni ta ce, "Malama, yanzu anka zuba shi, ko tun Birnin Kebbi?"