Ninjan Hajiya Asibi Ya Ƙi Tashi Daga Gaisuwa

"Lafiya lau, uwargida. Ina gajiya, ina ciwon gwiwa, yaya sauran haƙoran?"

"Haƙora suna gaishe ka, maigidan da bai taɓa ajiye cefane ba. Tunda Allah ya kawo ka, naɗe min wayoyin nan ka fita da su."

Haka Hajiya Asibi ta unguwarmu Zaitawa ta tarbi jikanta Muttaka ranar nan da azahar. Sunan marigayi mijinta ya ci, shi ya sa ba ta kama sunansa, sai dai maigida. Shi kuwa tun da ya gama sakandare, shekarar da soja suka koma bariki, ba shi da aikin da ya wuce na'urar gem da ya samo wajen wani abokinsa ɗan Yakasai. Ubansa Alhaji Sabo ya rantse ba za a jona ta a falonsa ba. Talabijin ɗin da ta rage a gidan kuwa ita ce wadda Hajiya ta taho da ita daga Makka, take lulluɓe ta da kyalle kamar jaririya. In aka kore shi daga ɗakin nan, gem ta ƙare, sai dai ya rungumi na'urarsa ya yi ta kallo.

Wasan ma abin dariya ne. Wani ninja ne gajere mai tumbi, ya naɗe fuska ido kaɗai a waje, yana ta gudu daga hagu zuwa dama, ba a komawa baya. Yana tsallake rami, yana wawurar duk abin da ya gani a hanya, in an make shi wandonsa ya zame ya tsaya ɗaurawa. Can a ƙarshen hanya akwai wani tsoho mai gemu har gwiwa, a bakin ƙofarsa, yana jifa da takalman katako. Nan Muttaka ya maƙale tun kafin azumi.

Muttaka ya zauna a bakin gado ya ce ai zamanin kora da baki ya wuce, yanzu mulkin farar hula ake, ba a tashin mutum sai an kaɗa ƙuri'a.

"An kaɗa," in ji Hajiya. "Da safe, kana barci."

"Su wa suka kaɗa?"

"Ni, da kyanwata, da kazar nan mai kwanci. Kakanka ma ni ya zaɓa."

"Kakana da ke kushewa tun ina rarrafe?"

"To shi kaɗai ne? Na ji layinsu ma ya fi na masu rai tsawo a mazaɓar nan."

Muttaka ya ce zai ɗaukaka ƙara. Ta ce ya ɗaukaka, ita ce alƙali. Ta kawo laifuffukan na'urar ɗaya bayan ɗaya: ta hana ta rintsawa bayan azahar, ta hana ta jin gaishe-gaishen rediyo, ga wani kiɗa kamar ana matse wa ɗan akuya wuya. Uwa uba, ita ba ta yarda da mutumin da ya rufe fuska yana bin hanya yana cusa kayan mutane a aljihu ba.

"Kansilanmu ma da ya yi haka, ai fuskarsa a buɗe ya yi."

"Tsohuwa, ba a ƙin miya sai an ɗanɗana. Tsaya ki ga aikin maza."

Ya kunna, ya kama hannun gem ɗin, ya dinga latsawa har da cije leɓe. Ninja ya tsallake ramuka, ya haye gada, ya iso gaban tsohon. Muttaka ya sa ninja ya daka tsalle zai sauka a kansa, takalmi ya same shi a goshi, wando ya zame. Ya sake, aka sake. Kafin Hajiya ta gama goga goronta an rubuto masa cewa rayukansa sun ƙare.

"Alhaki ne," in ji ta. "Ka faɗo wa dattijo gida ba sallama, da takalmi, kana neman tsallake masa kai. Ko ni ce da muciya zan haɗa maka."

"Bos ne fa, babban abokin gaba na wasan, ba limamin unguwa ba."

"Bos ba ya da jikoki? Dube shi, sa'an kakanka ne, har ya fi shi gemu."

"Karen bana shi ke maganin zomon bana. Wannan ba aikin masu tafiya da sanda ba ne."

"Karen bana da wandonsa a ƙasa."

Nan dabara ta faɗo wa Muttaka. Ya san Hajiya ba ta taɓa latsa komai ba sai carbi, rediyonta ma shi ke kamo mata tasha. Sai ya shimfiɗa mata sharaɗi da ladabi irin na masu neman ƙuri'a: ta karɓi hannu, zai kai mata ninja har ƙofar tsohon. In ta wuce shi, yau ɗin nan zai naɗe wayoyinsa. In aka kashe ta, na'ura ta zauna, ta miƙo hannu, don dokar gem ke nan a ko'ina, wanda ya mutu shi ke miƙawa.

"Wanda bai mutu ba fa?"

"Yana nan a kai."

"Maimaita, kaza ta shaida."

Ya maimaita yana murmushi. Ya kai ninja bakin ƙofa ya ɗora mata hannun a cinya, ya fara nuna mata na tsalle da na sara. Ta ture yatsansa, ta ce ita ɗaya take so, wanne ne na durƙuso. Ya nuna mata na ƙasa. Ta ɗora babban yatsa ta danne, ninja ya tsuguna, tumbinsa har ƙasa.

"Salamu alaikum, Baba. Mun same ku lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali, yaya fama da jama'a?"

Takalmi ya taho, ya wuce ta saman kan ninja. Na biyu ya bi shi. Hajiya ta tambayi tsohon ciwon baya, ta tambaye shi damina, ta yi masa jajen takalman da yake asara. Duk abin da ya jefo sama yake bi. Murmushin Muttaka ya fara tsukewa. Can tsohon ya gaji, ya zube zaune yana haki, taurari na kewaya masa kai. Abin da Muttaka bai taɓa gani ba ke nan, don bai taɓa daɗewa da rai haka ba.

"Yanzu, Hajiya, sare shi! Ja ɗin nan, latsa ja!"

"In sari mutum muna tsakiyar gaisuwa? Wa ya yi maka tarbiyya?"

"Ke."

"To ban gama ba."

Tsohon ya huta, ya miƙe, ya koma jifa. Hajiya ta koma ina wuni. Muttaka ya kai hannu zai fizge, ta make shi da mafici.

"Juyin mulki? Ba kai ka ce sun koma bariki ba?"

"To ki tashi ki yi faɗa mana. Ko ki ci ko a ci ki."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na mutu?"

"Ba ki mutu ba."

"Na wuce?"

"Ba ki wuce ba."

"To magana tana kotu."

Muttaka ya dafe kai. Ya lissafa abin a ransa ya ga inda ya yanka kansa da wuƙarsa: ba ta wuce ba, don haka na'ura ba za ta fita ba, ba ta mutu ba, don haka hannu ba zai dawo ba. Ga shi yanzu ya gano lagon tsohon, yatsunsa har ƙaiƙayi suke. Ya ce mata wannan gwamnati tata ba gaba ba baya, ko taku ɗaya talaka bai gani ba. Ta ce amma tana nan daram, kuma manya ba su yi kuka da ita ba, wa ya taɓa faɗuwa don ya tsuguna wa masu gemu? Ya ce tazarce ke nan. Ta ce jama'a ne suka matsa mata, ya tambayi kyanwa.

Ya yi barazanar zai sake ta. Ta ce bismilla, ga dattijo nan mai gidan kansa, ko ba komai yana da takalma. Ya roƙi Allah a ɗauke wuta. Wutar da kullum ba ta kai la'asar, ranar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Da aka kira sallah ya ga ta fara sauya yatsa, sai ya fita da sauri ya dawo da fararen goro manya daga teburin bakin lungu, ya ajiye mata a kan tabarma.

"Na bi, ranki ya daɗe. Na sauya sheƙa. A tuna da mu."

Ta juya goron da hannu ɗaya, ta shinshina, ta ce ɗan adawa mai hankali ba ya kwana da yunwa. Na'ura ta zauna, ta yafe. Kuma tunda ya dawo hanya, ta ba shi muƙami.

"Wanne?"

"Mai ba da shawara kan durƙuso. Kawo yatsanka nan, danne. Zan yi alwala. In na jiyo wandon yaron nan ya faɗi, ko na dawo na tarar an taɓa min dattijo, kai da wayoyinka sai Yakasai."

Ta zare yatsanta, ya maye da nasa. Ga hannu ya dawo wajen mai shi, ga tsoho ya sake zubewa yana haki, ga jan maɓalli a ƙarƙashin ɗaya yatsan. Muttaka ya dube shi, ya waiwayi ƙofa. Hajiya na tsaye da buta tana kallonsa.

"Ba a yi wa babba shiru, maigida."

Dariya ta ƙwace masa har na'urar na girgiza. Ya gyara zama, ya dubi talabijin.

"Ina wuni, Baba. Yaya ƙarfin jiki?"