Farin aure

Har gobe ba zan taɓa mantawa da yinin da muka kalli fim a gidan surukata a Sabangali ba. Lokacin kaset ake yayi, 'yata Ummi kuma tana wata biyar a bayana.

Ni aji uku na yi aka cire ni daga makaranta. Dangin mijina kuwa har 'yan matansu sun yi lise, wato sakandare, suna juya Faransanci kamar tuwo. Kullum na je gidan a takure nake, ina neman abin da zan faɗa Hajiya ta ce ɗanta bai yi zaɓen banza ba (kowa ya san sai da ta matsa masa kafin ya nemi aure, ni ma na sani).

Fim ɗin na ban dariya ne, da Faransanci. Wani saurayi ya kawo wa iyayensa mata, ana ta shagali. Rabinsa a tsakar gida na yi ina jijjiga Ummi, amma na tsinci kalma ɗaya a bakin Zara, ƙanwar mijina: "mariyaj bulan". Mariyaj aure ne, bulan fari, wannan ko a kasuwa na koya. To a wurinmu me ya fi fari kyau? Farin ciki, farin jini, farar aniya.

Da Hajiya ta tambayi me ake wa dariya, sai na yi caraf na riga kowa.

"Farin aure suka yi, Hajiya. Mariyaj bulan, irin namu ni da Baban Ummi."

Baban Ummi ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Zara ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, auren ƙarya ke nan fa. Don a rufe bakin iyaye ake yi, ko ɗaki ba sa haɗawa."

Hajiya ta dube ni, ta dubi goyona.

"To wannan a wace kasuwa kuka sayo ta?"

Aka fashe da dariya, har da ni. Sai dai a hanyarmu ta komawa Walia, muna kan gada a babur, Baban Ummi ya rage gudu ya ce, "Haka kike ganin namu?" Na ce iska ta hana ni ji. Shi ma bai maimaita ba, amma bai ƙara gudun ba har gida.

Tun ranar, kalmar da ban san gidansu ba ba na ɗaukar ta in kai gaban surukai, komai farinta.