Doyar da Na Yi wa Na'ura Alkawari

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da na so. Har yanzu in na ga jan rubutu a kwamfuta sai in kau da kai.

Da na gama sakandare ina zaman jiran jami'a, sai na shiga ajin koyon kwamfuta a Shango. Malam Danjuma, mai koya mana, ya nuna mana wata manhaja da ke warware lissafin aljebra. Kyauta ce, kuma kowa a duniya na iya sa hannu ya gyara ta. Ya ce kowa ya nemo ɗan gyara ya tura, wanda ya yi shirme kuwa ya bar wa wani kujerarsa, don masu jira na da yawa.

Na ga wani misali da aka rubuta amsarsa ba daidai ba, na gyara, na tura da bismillah. Ko miƙewa ban yi ba sai ga saƙo ja wur: wai gwaji ya faɗi.

Innalillahi! Ni 'yar Beji na lalata wa duniya lissafi! (A raina har na hango farfesoshi sun yi jugum, ana tambayar wace ce.)

Nan take na rubuta wa mai saƙon, da ɗan Turancina. Na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan na ce, "Yallabai, don girman Allah ka rufa mini asiri, kada malaminmu ya ji. Babana manomi ne, faɗi inda kake a kawo maka doya." Shiru. Na ce lallai fushi ya yi, na ƙara masa da cewa doyar sabuwa ce.

Ran Asabar Malam ya haska shafin manhajar a bango don duba aikinmu. Ashe duk abin da aka rubuta a wurin kowa na gani! Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge.

"Ke, wa kike roƙo haka?"

"Mai... mai dubawa, Malam."

"Na'ura ce fa! Duk wanda ya tura aiki ita ke gwadawa."

Ladi, ƙawata da ke gefena, ta kife kan tebur. "Wayyo cikina! Na'ura za ta ci sakwara!"

Na fara haɗa jakata, idona fal hawaye. Malam ya ce, "Zauna, ba a gama ba." A ƙasan saƙona wata mata cikin masu kula da manhajar ta ba ni amsa. Ta ce ba abin da ya lalace, gyara ba ya shiga sai sun amince. Lissafina daidai ne, alamar baka guda na buɗe a rubutun ban rufe ba. Doya kuma na'urar ba ta ci, amma ita matar tana ci.

Kujerata dai ta tsira, sunana ne ya tafi. Har mai gadi yanzu Mai Doya yake ce mini, saƙon kuma yana can, duk duniya na wucewa ta kansa.

Yanzu kafin in durƙusa wa kowa, sai na fara tabbatar yana da ciki.